Me Ya Sa Ranka Ya Ɓaci?

Karatu: Farawa 4:1-10
Ayar haddacewa: Zabura 139:23-24

Kafin Kayinu ya ɗaga hannu a kan ƙanensa Habila, sai da Allah ya yi magana da shi. A lokacin bai zubar da jinin kowa ba. Abin da ya faru kawai shi ne an karɓi baikon Habila, nasa kuwa ba a karɓa ba, sai ya husata, ya murtuke fuska. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ubangiji ya tambaye shi dalilin fushinsa, ya kuma gargaɗe shi cewa zunubi na kwance a bakin ƙofa yana fakonsa, dole ne ya rinjaye shi.

Allah ya riga ya san abin da ke cikin zuciyar Kayinu. Ya yi tambayar ne domin Kayinu ya tsaya ya duba cikinsa da kansa. Amma babu inda aka rubuta cewa ya amsa. Abu na gaba da muka karanta shi ne ya tasar wa ɗan'uwansa a saura, ya kashe shi. Kisan kai na farko a duniya ya fito ne daga tunanin da mai shi ya ƙi bincikawa.

Ƙaunatacce, mu mutanen addu'a ne. Muna azumi, muna kwanan addu'a, muna tsauta wa ikokin duhu cikin sunan Yesu, kuma daidai ne mu yi haka. Sai dai sau da yawa muna neman maƙiyi a ƙauye, a dangi, a wurin aiki, alhali abin da ke cinye mu yana zaune a ƙirjinmu. Yesu ya faɗa a Markus 7:21-23 cewa daga cikin zuciyar mutum ne mugayen tunani suke fitowa, har da hassada da girman kai da kwaɗayi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ka kori ƙadangare ka bar tsagar, gobe wani zai shigo.

Dubi Asaf, ɗaya daga cikin shugabannin mawaƙan da Dauda ya naɗa. A Zabura 73 ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame. Ya ga mugaye suna cikin wadata da ƙoshin lafiya, shi kuwa yana shan wahala, har ya fara tunanin cewa tsabtace zuciyar da yake yi aikin banza ne. Irin ciwon Kayinu ne ya kama shi, wato ganin wani ya samu. Bambancinsu ɗaya ne: Asaf ya lura da abin da ke faruwa a cikinsa, ya kira shi da sunansa, kishi, ya kuma kai shi gaban Allah a Wuri Mai Tsarki. A can idonsa ya buɗe, ya ga ƙarshen mugaye, ya yarda cewa ya yi wauta. Zaburar da ta fara da gunaguni ta ƙare da cewa kusantar Allah ne alherinsa.

To, kai fa? Da aka ba wani jagorancin ƙungiyar mawaƙa, me ya motsa a ranka? 'Yar'uwa, da wata ta tashi a sujada ta ba da shaidar aure ko haihuwa, bakinki ya ce Halleluya, amma me zuciyarki ta ce? Maganar nan da kake ta maimaitawa a ranka tun makon jiya, kana shirya amsar da za ka mayar, wa ya shuka ta? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Zabura 4:4 ta koya mana mu yi nazari a zuciyarmu a kan gado, mu yi shiru. Daren yau, ka ajiye waya, ka ba Ubangiji minti 10. Ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya haskaka maka, sa'an nan ka tambayi kanka: Wane tunani ne ya fi daɗewa a raina yau? Me ya tayar da shi? Me Maganar Allah ta ce a kansa? Kada ka yi masa ado. In kishi ne, kada ka ce damuwa ce. In riƙo ne, kada ka ce taka-tsantsan ne. Tunanin da ba ka kama ba, ba za ka iya sa shi ya yi wa Almasihu biyayya ba (2 Korantiyawa 10:5).

Amma ka kula, binciken kai dabam, hukunta kai dabam. Shaiɗan mai ƙarar 'yan'uwa ne. Zai ce maka kai ba kome ba ne, Allah ya gaji da kai. Ruhu Mai Tsarki kuwa yakan sa yatsa a kan abu guda, ya nuna maka hanyar tuba. In bincikenka ya kai ka ga fid da zuciya, ba muryarsa ba ce. Jinin Yesu ya isa ya wanke duk abin da ka tarar (1 Yohanna 1:7).

Addu'a: Ya Uba, kai ka san abin da nake ɓoye wa mutane, da wanda nake ɓoye wa kaina. Ka tona shi da hannunka na jinƙai. Ka ba ni gaskiyar da zan kira zunubina da sunansa, da ikon Ruhunka in rinjaye shi tun yana bakin ƙofa. Cikin sunan Yesu. Amin.

Aikin yau: In Ruhu ya tuna maka da wani da kake riƙe da shi a zuciya, ka yi masa addu'ar albarka da sunansa, ka kuma neme shi ku shirya kafin ranar Lahadi.