ALHAKIN MAƘERI

Yau kam ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Wata gardama ce ta haɗa ni da ƙanina a tsakar gidanmu da ke Yankwashi, wani dare cikin damina, kuma har yanzu da nake riƙe da alƙalamin nan maganar ba ta bar zuciyata ta huta ba.

Shi ne autanmu, don haka Auta muke ce masa. Ya yi karatunsa a makarantar koyon kwamfuta ta Kazaure, wadda ake kira Informatics, da aka kafa zamanin Gwamna Saminu Turaki. Yanzu yana Kano, sana'arsa gina shafukan intanet da rubuta manhajar waya. In aka tambayi Innarmu aikin me ɗanta yake yi, sai ta ce, "Yana can birni yana danne-danne." Ni ma da haka na ɗauka, sai da ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce, "Yaya, duk abin da kika gani a fuskar wayarki, mutum ne irina ya zauna ya rubuta shi layi-layi. Shi ya ce wa wayar, in ta taɓa nan nuna mata kaza, in ta daɗe ba ta leƙo ba yi ƙara ki kira ta. Waya ba ta da wayo ko na sisin kwabo, umarnin wani take bi."

To, abin da ya kawo shi gida a wannan karon shawara ce. Wani kamfani na masu ba da rance ta waya ya neme shi aiki, da albashin da zai isa a sake wa ɗakin Inna kwano, har ya tara abin lefe, domin kuwa an riga an kai gaisuwa gidan yarinyar da yake nema. Aikin kuwa shi ne ya rubuta wani sashe na manhajarsu. Da zarar mai neman rance ta danna wurin da aka rubuta ta yarda, sai manhajar ta kwashe dukkan lambobin da ke cikin wayarta. Ranar da wa'adi ya wuce ba ta biya ba, sai saƙo ya fita da kansa zuwa ga mutanen nan gaba ɗaya.

Wallahi da ya faɗi haka sai da gabana ya faɗi, don ni na san saƙon. Ya taɓa shigowa wayata. Akwai wata maƙwabciyata a Kazaure inda nake aure, baiwar Allah mai tuyar awara, ɗanta ya kwanta asibiti ta rasa inda za ta sa kanta, wata ta nuna mata yadda ake karɓar rance ta waya. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, wa'adin kwana bakwai, kuɗin ruwa kuwa kamar na mugunta. Kwana biyu kacal ta ƙara, sai ga hotonta yana yawo da rubutu a ƙasa wai ɓarauniya ce, duk wanda ya san ta ya yi hattara. Ya je wa surukarta, ya je wa malamin Islamiyyarsu, ya je wa abokan mijinta. Kun dai san mu da kunya. Matar nan ta yi wata uku ko biki ba ta leƙa ba, igiyar aurenta ma da ƙyar dattawa suka riƙe ta.

Abin nan fa sananne ne a ƙasar nan. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu irin waɗannan kamfanoni a Legas. A 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa taɓa lambobi da hotunan mutane, a shekarar ce kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan 'yan Najeriya. Na tuna wa Auta wannan, sai ya yi murmushi ya ce ai shi ya sa wasunsu suka bar bin ta rumbun, sai dai su turo maka manhajar kai tsaye ka sauke.

Na ce, "Auta, kai ma ka san haka, kuma kake shawara?"

Ya ce, "Yaya, ni fa maƙeri ne. Maƙeri ya ƙera wuƙa ya kai kasuwa, wata ta saya ta yanka albasa, wani ya saya ya yanki mutum. Kin taɓa jin alƙali ya ɗaure maƙeri? Sannan ita da hannunta ta danna ta yarda, babu wanda ya riƙe mata yatsa. Kuma in ban yi ba, gobe-goben nan wani zai yi, ya karɓi kuɗin."

Maganar dannawa ba ta ba ni wahala ba. Na ce masa matar da ɗanta yake kwance ana ƙara masa ruwa, aka jero mata dogon Turanci da ƙananan baƙi wanda ni da na gama sakandare ma sai na yi da gaske, wace irin yarda ce wannan? Na san za a ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, kuma haka ne, bai kamata mace ta danna abin da ba ta fahimta ba, balle bashin ruwa. To amma wanda ya tsara rubutun don kada a karanta, ai ya fi kowa sanin ba za a karanta ba.

Ina cikin jin daɗi na ci gardama, sai yaron nan ya juyo da wuƙar kaina. Ya ce, "To ke fa Yaya? Littattafanki fa?"

Nan na yi tsit. Duk wadda ta girma da karatun littattafan Hausa ta san irin jifan da marubuta suka sha. Tun lokacin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Anti Bilki Funtuwa ake cewa littattafan nan suna ɓata tarbiyyar 'yan mata. A 2007, ina 'yar makaranta, hukumar A Daidaita Sahu ta Kano ta tara littattafan da aka karɓe a hannun ɗalibai mata aka cinna musu wuta. Me marubuta suka riƙa cewa? Mu faɗakarwa muke yi, wadda ta ɗauki mugun abu ita ta so. Ashe maganar maƙeri ce dai muka sake wa riga.

Bai tsaya nan ba. Ya ce, "Me ya sa kullum kike yanke littafi na ɗaya daidai inda amarya ta kama ƙofa za ta buɗe, ki ce mu haɗu a na biyu?" Na ce don a sayi na biyun mana. Ya ce, "To aikinmu ɗaya da ke." Sai ya ba ni labarin wani Ba'amurke mai suna Aza Raskin, wanda a 2006 ya ƙirƙiro dabarar nan da ta sa in kina jan fuskar waya sama abin kallo ba ya ƙarewa. Da can shafi yana da ƙarshe, sai kin danna kafin wani ya buɗe, a nan ne mutum yake samun zarafin tuna cewa ya ɗora tukunya. Shi ya cire wannan gaɓar don a ji daɗin karatu. Daga baya ya fito duniya ya nuna nadamarsa, da ya ga yadda kamfanoni suka mayar da ita abin cinye lokacin mutane. Na tuna sau nawa tuwona ya kama saboda wannan jan, na ce Allah sarki, ashe akwai mai hannu a ƙonewar tuwona a can Amurka.

Ya kuma ba ni labarin Tim Berners-Lee, Baturen Ingila da ya ƙirƙiro yanar gizo a 1989 yana aiki a cibiyar bincike ta CERN a ƙasar Suwizalan, wadda a 1993 ta sake ta kyauta ga duniya ba a karɓi ko kwabo ba. Auta ya ce, "Duk ɓarnar da ake yi a intanet a kan aikinsa ake yi. Shi ma za ki ɗora masa?"

A daren ban ba shi amsa mai kyau ba, gaskiya. Sai daga baya, ina kwance ruwa yana sauka, na yi ta juya abin.

Abin da na gano shi ne, maƙeri ba wuƙa kaɗai yake ƙerawa ba, yana ƙera tarko ma. Wuƙa in ta bar hannunsa, niyyar tana wajen mai saye, tana iya shekara ashirin ba ta taɓa komai ba sai kubewa da nama. Shi kuwa tarko da niyyarsa a jikinsa aka ƙera shi, ba ya da wani aiki sai kamu. Abin da Baturen Ingilan nan ya yi hanya ce, mai zuwa masallaci ya bi, ɓarawo ya bi. Mu kanmu shaida ne. Kafin wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001, in mace tana aure a Gwiwa ko Roni aka yi rasuwa a gidansu a Babura, sai an tashi mutum takanas. Yau matar da ke cikin kulle tana sayar da turaren wuta da atamfa ta WhatsApp ba ta taka ƙofar gida ba, ni kaina ta nan rabin masu karatuna suke samun littattafaina. Wanda duk ya ce a jefar da waya, bai san abin da ta tsare wa mata ba. Amma sashen da aka ce Auta ya rubuta fa? Na nemi amfaninsa na biyu na rasa. Ba ya yanka albasa. Tozarta wanda ya kasa biya kawai aka yi shi ya yi, kuma an gaya masa haka tun kafin ya fara. Malaman fiƙihu ma sun yi maganar mai sayar da inabi: ciniki ne halal, har sai ya san mai sayen giya zai haɗa da shi.

Inda na fi daɗewa shi ne maganarsa ta ƙarshe, wai in bai yi ba wani zai yi. Domin gaskiya ce tsagwaronta, wani zai yi ɗin. Ya ma gaya mini cewa irin wannan aiki ba mutum ɗaya ke yinsa ba. Wani ya zana fuskar manhajar, wani ya rubuta wurin karɓar lambobi, wani wurin lissafin kwanaki, wani wurin tura saƙo, wataƙila ma ba su san juna ba. Kowa in ka tambaye shi sai ya ce ɗan guntu ya yi. Sai abin ya tuna mini da yadda gulma take kashe aure a unguwa. Wadda ta gani ta gaya wa ɗaya, ita ta ƙara kalma guda, ta gaba ta kai gidan suna, ta ƙarshe ta kai kunnen miji. Ranar da aka miƙa takarda, duk cikinsu babu wadda za ta yarda ita ta yi saki. Amma ko akwai wadda za ta iya dafa Alƙur'ani ta ce babu hannunta? Ni dai a ganina alhaki ba kamar gado ba ne da in magada sun yi yawa rabon kowa yake raguwa.

Game da littattafaina kuwa, ba zan wanke kaina tas ba. Yanke labari a bakin ƙofa ƙugiya ce, na sani, kuma da gangan nake sa ta. Abin da nake lallashin zuciyata da shi shi ne, nawa yana da ƙarshe, in kin kai littafi na uku an ɗaura aure ko an rabu, kin rufe kin tashi. Ko wannan hujja ce ko kuwa son kai ne irin na mai sana'a, ku ne alƙalai, tunda ku kuke raba dare kuna karantawa da tocila.

Na manta ban gaya muku ba, duk gardamar nan Inna tana gefe a kan tabarma tana jan carbi, mun ɗauka ma ba ta bin zancen. Da muka yi shiru sai ta ce, "Auta, zo nan." Ya matsa ya durƙusa. Ta ce, "Ita wannan aba da za ka ƙera, in ni na ci bashin na kasa biya, za ta gane ni ce uwarka ta ƙyale ni?"

Ya ce, "A'a Inna, ba ta gane kowa."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da jan carbinta.

Washegari ya hau mota ya koma Kano bai ce mana komai ba. Bayan mako biyu ya kira ni a kan wata maganar daban, a ƙarshe ya ce, "Af, Yaya, aikin nan fa na ce musu su nemi wani." Sun kuwa nemi wanin, don ya ce manhajar ta fito bayan 'yan watanni. An ɗaga bikinsa zuwa bayan girbin baɗi, dangin yarinyar har sun fara ƙananan maganganu. Ɗakin Inna kuma da daminar bana ma sai da aka tara roba biyu a ƙarƙashin yoyon.

Kafin ya tafi dai ya karɓi wayata ya shiga saiti, ya nuna mini wurin da ake ganin izinin da kowace manhaja take da shi, wace ce ke iya ganin lambobi, wace ce ke iya ganin hotuna, wace ce ke iya jin magana. Muka samu wata manhajar tocila da na sauke tun shekarun baya, wai ita ma tana da izinin karanta lambobina. Na ce, "Ikon Allah, me haɗin fitila da lambar surukata?" Ya yi dariya ya goge ta.