Kafin Ka Ɗora wa Wani Laifi, Buɗe Murfin Tankinka

A wannan fitowa ina so mu tattauna a kan wata tambaya da ta daɗe tana damuna: idan abu ya lalace wa mutum, ta ina ya kamata ya fara neman mai laifi? Abin da ya tayar mini da ita kuwa babur ne da ya mace mana a hanya.

Wata ranar Alhamis cikin daminar nan na je ta'aziyya Moniya. Da zan dawo sai na hau bayan wani yaro ɗan unguwarmu mai sana'ar okada, yaro mai ladabi, kullum ina ganinsa a sahu. Ba mu kai Ojoo ba babur ya yi fizga sau biyu, ya mutu. Ga hadari ya haɗo, ga magariba ta kawo kai. Yaron nan ya buga kik ya fi sau ashirin, har gumi ya jiƙa masa riga, babur ko tari bai yi ba.

Sai ya juyo ya ce, "Baba Liman, wallahi na san wanda ya yi mini wannan." Ya ce makanikin da ya yi masa sabis jiya, wani Bayarabe, shi ya cire masa kwayil mai kyau ya sa masa tsoho. Kafin in ce wani abu ya ƙara da cewa ko kuma mai gidan man da ya sha da safe ne ya haɗa fetur da ruwa. Can kuma ya ce akwai wani abokin sana'arsa a tasha da ke yi masa hassada tun ranar da ya karɓi babur ɗin, wa ya sani ko jifa ne. Cikin minti biyar ya gurfanar da mutum uku, bai ko durƙusa ya dubi injin ba. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne da ya zaro waya zai kira abokansa, wai su tsaya masa gobe da safe su je shagon makanikin nan. Na ce, "Ɗana, mayar da wayar nan aljihu tukuna."

Muna cikin haka sai wani dattijo mai facin taya a gefen titi ya taso, shi ma Bayarabe ne, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya gaishe ni da "Alfa, sannu," ya ce wa yaron ya daina wahalar da ƙafarsa. Ya ce injin irin wannan Bajaj ɗin abu uku yake nema kafin ya tashi: mai, wuta da iska. In ya ƙi tashi, ɗaya daga cikinsu ne bai iso ba, kuma ɗaya bayan ɗaya ake bin su.

Ya fara duba makulli, yana kunne. Ya kwance fulogi da sifana, ya goge bakinsa, ya mayar da shi cikin hularsa, ya jingina ƙarfensa da jikin injin, ya ce yaro ya buga kik. Muka ga tartsatsi shuɗi yana tsalle a bakin fulogi. Ya ce, "Wuta lafiya." Kun ga nan take makaniki ya fita daga zargi, don da kwayil ya mutu da ba a ga wannan tartsatsin ba. Sai ya girgiza babur, muka ji mai yana motsi a tanki. Ya zare tiyon da ke kai mai kafireta: ɗigo biyu, ya tsaya. Ya juya famfon mai zuwa rizab, duk ɗaya. Sai ya sa hannu ya buɗe murfin tanki. Muka ji iska ta ja "fuuu", mai ya ɓalle yana zuba ta tiyo. Ya tari kaɗan a robar ruwa ya ɗaga sama; da akwai ruwa a ciki da ya kwanta a ƙasa, tunda ruwa ya fi fetur nauyi. Mai garau. Mai gidan mai shi ma ya fita.

Ashe a ƙarƙashin murfin akwai leda ninki biyu. Yaron ne ya sa ta da hannunsa da safiyar ranar, don kada ruwan sama ya shiga, kuma kada mai ya tsiyaye a gargada. Ban ga laifinsa a kan tattali ba, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowane ɗigo kuɗi ne, ga shi babur ɗin na biya sannu-sannu ne, duk mako sai ya kai wa mai shi. Abin da bai sani ba shi ne murfin tanki yana da ɗan ƙaramin rami da iska ke shiga ta cike gurbin man da ya sauka. Da ya toshe ramin, mai ya yi ta sauka har tanki ya riƙe numfashi, ya hana sauran fita. Dattijo ya jefar da leda, aka mayar da tiyo da fulogi, aka jira kafireta ta cika, bugu na biyu babur ya tashi. Ko sisi bai karɓa ba.

To jama'a, tun daga wannan rana nake juya maganar. Me ya sa zuciyar ɗan Adam ta fi saurin tafiya nesa ta nemo mai laifi, ta tsallake abin da ke gabanta? Ni a ganina saboda zargi ya fi bincike sauƙi, kuma ya fi daɗi. Bincike sai ka durƙusa, hannunka ya yi baƙi, kuma wataƙila ka tarar da ledarka. Zargi kuwa kana tsaye za ka yi shi, ka fito fes, kai ne wanda aka zalunta. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni kaina ban tsira ba. Sau nawa lissafin shago ya ƙi cika na fara kallon yaran shago da wani ido, daga baya in tuna ni na ba wani bashi ban rubuta ba?

Na san wani zai ce, "Malam, ai ba kullum laifin mutum ne ba. Akwai makanikai marasa amana, akwai mai maras kyau, kuma hassada da sihiri gaskiya ne." Ban musa ko ɗaya ba. Dukanmu mun tuna farkon shekarar 2022, lokacin da gurɓataccen fetur ya shigo ƙasar nan ya lalata injunan mutane da ba su ji ba ba su gani ba. Sihiri da kambun baka kuwa addini ya tabbatar da su, shi ya sa muke karanta Falaƙi da Nasi safe da yamma. Maganata a kan jeri ce: wanne za a fara, wanne za a ƙare da shi. Dattijon nan bai rantse cewa makaniki mutumin kirki ne ba, bai ma san shi ba. Ya dai gwada wuta. Da tartsatsi bai fito ba, da ya bi waya, ya bi kwayil, in ta kai ga makaniki sai a je masa da hujja a hannu.

Dalilin da ya sa wannan jeri ya zama dole shi ne asarar ba ɗaya ba ce. In ka fara duba kanka ka tarar ba ka da laifi, me ka rasa? Minti goma da ɗan dattin hannu. Mai laifin yana nan, ba inda zai je. Amma in ka fara da zargi ka tarar ba shi ba ne, me za ka mayar masa? Da yaron nan ya je shagon makaniki da abokansa shida, an kira mutum ɓarawo a gaban kwastomominsa, ko daga baya an gano leda, sunansa ya riga ya ɓaci. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Wannan ne ma ya sa Suratul Hujurat, a aya ta 6, ta umarce mu da tantance labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama, a aya ta 12 kuma ta gargaɗe mu game da yawan zato. A Islamiyya an koya mana ƙa'idar shari'a cewa mai da'awa shi ke kawo hujja. Ba a ce wanda ake tuhuma ya wanke kansa ba.

Ga mu mazauna kudu kuma, maganar ta fi nauyi. A Kano in Bahaushe ya yi faɗa da makanikinsa, faɗan mutum biyu ne. A nan Ibadan, kafin rana ta faɗi sai ka ji ya zama "Hausawa da Yarbawa". Kakanninmu sun kafa Sabo tun 1916, mun yi ciniki da mutanen garin nan, mun yi auratayya, mun bi juna salla sama da shekara ɗari. Duk da haka, wa ya manta da Sasa a watan Fabrairun 2021? Gardamar mutane ƙalilan ce a bakin kasuwa ta zama gobara, aka rasa rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje, mutanen da aka haifa a nan suka hau mota suka nufi Arewa da kayan jikinsu. Mafi yawan waɗanda suka yi asara ba su ma ga farkon rigimar ba. Don haka baƙo ba shi da ikon yin zato a banza, domin ba shi kaɗai zai biya kuɗinsa ba. Mai shayi da mai albasa da almajiri duk za su biya tare da shi.

Akwai kuma wani kuskuren a ɗaya gefen, kada a ce na manta. Shi ne mutum ya zauna a gefen titi ya ce "haka Allah ya so", bai buɗe murfi ba, bai duba fulogi ba. Wannan lalaci ne aka sa masa rawanin tawakkali. Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Mai zargi da mai naɗe hannu sun yi tarayya a abu guda: dukansu sun ƙi durƙusawa su duba. Ɗaya ya jefa wa maƙwabci, ɗaya ya jefa wa ƙaddara, leda tana nan inda take.

Shawarata ga kaina da ku ita ce mu riƙe jerin dattijon nan a komai. Ciniki ya tsaya? Duba farashinka, da mudunka, da fuskar da kake tarar mai saye da ita, kafin ka ce maƙwabcin rumfa ya binne maka laya. Gida ya ƙi zaman lafiya? Duba cefane da harshenka kafin ka ce surukai ne. Yaro ya lalace? Tambayi kanka yaushe rabon da ka zauna da shi, kafin ka ce abokai ne. In ka bi duk wannan ka ga naka gefen lafiya, to ka je ga wanda kake zargi kai kaɗai, da sallama, ka tambaye shi. In abin ya fi ƙarfinku, ga shugabannin tasha, ga masu unguwa, ga fadar Sarkin Hausawa. Ba a fara da tara matasa.

Mun iso Sabo ana kiran isha'i, ruwa ya ɗan taɓa mu. Da na sauka yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Liman, kada ka gaya wa kowa." Na ce sunansa ba zai fita daga bakina ba, amma labarin zan ba jama'a, ya kuma yarda. Na ce masa saura abu ɗaya: mutum uku ya ci namansu a gabana, sai ya yi istigfari, ya roƙa musu alheri. Bayan kwana biyu na wuce na gan shi a shagon makanikin nan ana canza masa baƙin mai, suna raha. Makanikin bai san abin da ya kusa samunsa ba, kuma gara da bai sani ba.

Allah ya ba mu ikon ganin laifinmu kafin na wani, ya kare 'ya'yanmu masu neman halal a kan titi, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.