Gidan Kirista da Akwatin Talabijin a Ƙasar Gure

A ƙasar Hausa da ta Manga, bayan tuwon dare lokacin hira ne da tatsuniya, kuma a nan ne yaro kan fara rarrabe gaskiya da wayo daga bakin kakarsa. Wannan lokaci ne akwatin talabijin ya gada. Nijar ta fara sanin talabijin a ajin makaranta a shekarar 1964, kafin Télé Sahel ta soma watsa shirye-shirye ga jama'a a 1979. A wancan zamani kallo abin taro ne: akwati guda a dandali, unguwa ta hallara a kan tabarmi don wasannin kwaikwayo irin na Yazi Dogo da 'yan ƙungiyarsa na Damagaram.

Tambayar da ake son dubawa a nan ta shafi gida ne irin wanda ba a cika tunawa da shi ba. A ɗauki iyalin Kirista a Gamu, cikin gundumar Gure, misali malamin makaranta da aiki ya kai can da matarsa da 'ya'yansa. Ko da yake 'yan mishan na SIM sun sauka Damagaram tun 1924, Kiristoci tsiraru ne ƙwarai a yankin. Idan irin wannan iyali ya zauna gaban akwati, wane shiri ne nasa?

Hanya biyu ce a gabansa. Ta farko ita ce finafinan Kano da shirye-shiryen tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014. Harshen nasu ne, sutura da gaisuwa da girmama na gaba duk nasu ne, amma sallah da ɗaurin aure da zaman kishiyoyi na maƙwabtansu Musulmi ne. Ta biyu ita ce tashoshin wa'azin Kirista da tauraron ɗan Adam ke kawowa daga Legas ko Amurka. Sunan addinin nasu ne, amma harshen Turanci ne, kuma sau da yawa alkawarin dukiya da warkarwa nan take ya fi yawa a cikinsu, abin da manomin gero mai jiran damina ba zai gane kansa a ciki ba.

Mai gida na iya cewa tsaro ya fi magani: yaro ɗan tsiraru, wanda duk abokansa na wani addini ne, bai kamata ya dawo gida ya sake tarar da abin da ya baro a waje ba. Wannan hujja ba abar rainawa ba ce, domin bangaskiyar da ba a shayar da ita bushewa take yi. Uwar gida kuwa na iya amsawa cewa fim ɗin da ya nuna ɗa mai biyayya ko amanar da aka riƙe ya fi kusa da koyarwar Littafi Mai Tsarki bisa ga wa'azin da ya mai da Allah abokin ciniki. Tana iya ƙarawa da cewa shirin Daɗin Kowa ya nuna Kirista da Musulmi a gari ɗaya suna zaman mutunci.

Haƙiƙa, sunan da aka liƙa wa shiri ba ya isa ya zama ma'auni. Ma'aunin da ya fi inganci yana cikin zaman kansa, wato kunya. Abin da uba ba zai iya kallo ba alhali 'yarsa na gefensa, ya riga ya faɗi, ko daga majami'a ya fito. Abin da kuwa ya sa yaro ya juyo ya ce, “Baba, don me suke yin haka, mu ba ma yi?” ya buɗe ƙofar darasin da makarantar Lahadi ba ta cika samu ba. A nan uba zai bayyana bambanci ba tare da zagi ba, yaro ya san abin da ya gaskata, ya kuma san maƙwabcinsa.

Bugu da ƙari, akwati a ƙauye ba ya zama na gida ɗaya. 'Ya'yan maƙwabta kan shigo su zauna. Wanda ya tuna ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a watan Janairu na 2015 ya san darajar wannan tabarma, domin da wuya mutum ya ɗauki wuta zuwa gidan da ya taɓa yin dariya a cikinsa.

Barazanar yau ta fi ƙarfi daga wayar salula, wadda ta raba kallo kashi-kashi, kowa da nasa a ɗaki, babu kunya, babu tambaya. Saboda haka, ya kamata iyaye da malamai da ƙungiyoyin al'adu su rage gardama kan tashar da za a kunna, su ƙara himma wajen kiyaye zaman tare da hirar da ke biyo bayansa. Tarbiyya a nan take samun gindi.