Hawayen Jarumi: Saɓanin Aflatun da Waƙar Homa

Waƙar Iliyad, wadda ake danganta wa Homa kuma masana ke kyautata zaton ta samu siffarta wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), waƙar jarumta ce mai ɗangwaye sama da 15,000 a kashi 24, tana ba da labarin fushin Akilis, jarumin Girkawa, a shekara ta goma ta yaƙin Taroy. Ƙarfinta yana cikin kamance, wato kwatanta abu da wani abu a fili domin mai sauraro ya gani da idon zuci. A kashi na 8, da kibiya ta sami wani ɗan Firiyam sarkin Taroy, mawaƙin ya kamanta sunkuyawar kansa da furen lambu da ruwan sama ya yi wa nauyi. A kashi na 6 kuma ya kamanta zuriyar mutane da ganyen itace, wasu na zubewa wasu na tohowa.

Wannan baiwa ce ta sa Aflatun, masanin falsafa Bagirke, ya yi shakkar mawaƙa. A littafinsa kan tsarin jamhuriya, musamman kashi na 3 da na 10, ya yi hujja da cewa mawaƙi mai kwaikwayo ne, yana zana inuwar abu ba tare da sanin haƙiƙarsa ba, kuma yana shayar da ɓangaren rai mai son kuka alhali hankali ne ya kamata ya yi mulki. Ya ƙi yarda matasan da za su tsare gari su ji labarin Akilis yana zuba wa kansa toka saboda mutuwar amininsa Fatarokulus, domin wanda ya saba jin daɗin makokin wani zai kasa daurewa ranar nasa. Hujjar tana da nauyi, ganin cewa yaran Girkawa na wancan zamani da haddar Homa suke fara karatu.

Sai dai kashi na 24 na Iliyad ya nuna abin da hujjar ta tsallake. Tsoho Firiyam ya shiga sansanin abokan gaba da dare, ya sumbaci hannuwan da suka kashe ɗansa Hekto, ya roƙi Akilis ya tuna da nasa mahaifin. Su biyun suka yi kuka, kowa da wanda yake tunawa, sannan Akilis ya mayar da gawar da ya daɗe yana wulaƙantawa, ya kuma tsayar da yaƙi har a yi jana'iza. A nan baƙin ciki ne ya kai shi ga fahimtar da nasihar manya da kyautar Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, suka kasa kai shi gare ta, cewa shi da abokin gabansa mutuwa ɗaya ke jiransu.

Aristo, almajirin Aflatun, ya matso kusa da wannan ra'ayi da ya ce wasan kwaikwayo na tashin hankali yana tsarkake rai ta hanyar tausayi da tsoro, kuma ya ɗauki Homa a matsayin abin koyi. Gaskiyar da ke tare da Aflatun ita ce harshe mai motsa zuciya yana iya ruɗarwa, don haka dole a auna inda yake kai mai sauraro. Idan aka auna Iliyad da wannan ma'auni, za a ga Bagirke ne ya rera ta ga Girkawa, amma ta hana su raina matattun Taroy, kuma wannan ilimi ne da ba ya shiga zuciya sai ta ƙofar tausayi.