In Casu Ya Fito Titi, Ina Yara Za Su Je?

Jama'ar Zungur, akwai maganar da ake ta ja a majalisu da gidajen suna: ya dace a bar yaro ya je kallon casun biki da ake yi a titi? Muna nufin irin wanda ake tare layi da rumfa da kujeru, a ɗauko mai kiɗan DJ da manyan sifiku, a saki waƙoƙin da mutum ba zai iya maimaita su gaban mahaifiyarsa ba, samari da 'yan mata su yi ta rawar rashin kunya har tsakar dare.

Kowa zai ce bai dace ba. To amma wa ya je wurin wa? Casun nan fa a ƙofar gidan yaron aka kafa shi.

Kada mu ce da can babu batsa. 'Yan gambara sun daɗe suna zuba ta a kasuwa, kuma a cikin ɗaki tsofaffin mata kan yi wa amarya zancen da ba a yi a fili. Sai dai kowane abu da muhallinsa. In zancen manya ya taso, sai ka ji an ce, "Kai, tashi ka fita waje ka yi wasa." A wajen nan 'yan mata ke gaɗa, yara maza ke langa, a nan ake tashe in azumi ya kai goma. Yau in wajen ya koma filin casu, ina za a ce yaro ya fita?

Wasu na cewa, "Haba, abin da suke gani a waya ai ya fi wannan muni." Gaskiya ne, amma da bambanci. Yaron da ke kallo a waya ɓoyewa yake yi, don ya san laifi ne. Da sauran kunya a tare da shi. Wanda kuwa ya ga kawunsa a tsakiyar fili yana yi wa mai rawar liƙi, darasin da ya ɗauka shi ne manya sun amince. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sannan ba kowane yaro ke da mai ce masa ya shiga gida ba. Ga yarinya mai tallar gyaɗa da ta bi taro don ta sayar, ga almajiri da ke jiran ragowar shinkafa. Ga kuma 'yar shekara 8 da ake turawa fili ana shewa, ana ɗaukarta a waya, gobe ta bayyana a TikTok ba da saninta ba. Su ma 'ya'yanmu ne, tunda ɗa na kowa ne.

Doka dai akwai ta. Nijeriya ta yi dokar kare haƙƙin yara tun 2003, jihar Bauchi kuma tana aiki da Shari'a tun 2001. Amma Hisba ba za ta kwana a kowane layi ba, kuma ƙwace sifika ba ya dasa kunya a zuciya. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, da magana ya tunkari mutanensa lokacin da ya yi Waƙar Bidi'a. Mu ma da junanmu ya kamata mu fara.

Ba muna cewa a hana murna ba ne. A buga kalangu, a yi guɗa, a kai yara kallon hawan Sallah. Shawararmu ɗaya ce: abin da za a yi a titi ya zama wanda ɗan shekara 7 zai iya gani kakarsa na tsaye kusa da shi. Mai son casun manya ya kama ɗakin taro mai ƙofa, ya ji da kansa tsakaninsa da Ubangijinsa. Mai unguwa da limamai da iyayen biki su zauna su tsayar da wannan, a kuma faɗa wa mai kiɗa tun kafin a ba shi kafin alƙalami.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba ma'aurata zaman lafiya.