Rawar ƙudan zuma da amanar mai ba da labari

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban talikai, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai tambayar da ta shafi kowane murid: wanda ya gano wani alheri, mene ne haƙƙin ƴan'uwansa a kansa? Ya isa ya faɗa musu kawai, ko kuwa yadda zai faɗa ɗin ma amana ce? Allah Maɗaukakin Sarki ya ajiye darasi kan wannan a cikin amya. Sura ta 16 ta Alƙur'ani sunan ƙudan zuma gare ta, wato Suratun Nahli, kuma a ayoyi na 68 da 69 aka ambaci wahayin da aka yi masa, wanda malaman tafsiri suka fassara da ilhama.

A gidan zuma, mata ne ke fita neman abinci. Idan ma'aikaciya ta samu furanni masu yawan zaƙi, sai ta komo gida ta hau jikin saƙar zuma, wadda ke tsaye kamar bango, ta fara rawa. Tana yin gaba kan layi miƙaƙƙe tana kaɗa cikinta hagu da dama, sai ta kewayo ta dama ta sake, ta kewayo ta hagu ta sake, har zagayen ya yi kama da lamba 8. Inda layin ya fuskanta shi ke nuna hanya. Idan ta miƙe sama sak, abincin yana wajen da rana take. Idan ta gangaro ƙasa, sai a ba rana baya. Idan ta karkata dama da digiri 40, to a karkata dama da rana da digiri 40. Tsawon lokacin kaɗawar kuma shi ke nuna nisa: daƙiƙa ɗaya tana kusa da kilomita ɗaya. Duk wannan cikin duhu ake yin sa. Ƴan'uwanta suna bin ta a baya, suna taɓa ta, suna jin motsinta, suna shinshinar ƙanshin furen da ke jikinta.

Wanda ya fassara wannan rawa shi ne Karl von Frisch, masanin dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya da ya koyar a birnin Munik na Jamus, kuma ya samu kyautar Nobel a 1973. An daɗe ana musu da shi, domin wasu masana sun ce ƙanshi kaɗai ƙudajen ke bi. A 2005 aka liƙa wa waɗanda suka bi rawar ƙananan na'urori, aka bi sawunsu da rada, aka ga sun nufi wurin da aka nuna musu.

Abin lura na farko shi ne mai rawar ba ta ɓoye abin da ta samu. Ta sha wahalar nema, amma da komowarta sai ta buɗe hanyar ga kowa. A tsakanin mutane kuwa, sau nawa ɗalibi kan ji labarin gurbin karatu ko jarrabawar ɗaukar aiki ya yi shiru har wa'adi ya wuce, don kada abokinsa ya riga shi? Sau nawa manomi kan san inda ake samun iri mai kyau ya ƙi faɗa wa maƙwabcin gonarsa? Sunna ta kwaɗaitar da nuna hanyar alheri, ta kuma yi wa mai nunawa alkawarin lada.

Na biyu, tana faɗin abu gwargwadonsa. Idan zaƙin furen ya yi yawa, takan maimaita rawar sau da yawa da kuzari. Idan matsakaici ne, ƴan zagaye kaɗan take yi. Idan bai taka kara ya karya ba, sai ta sauke kayanta ta yi shiru. Da haka ma'aikata suke rarrabuwa daidai da arzikin kowane wuri. Da a ce kowace ma'aikaciya za ta kambama wurinta, da ƙarfin gidan ya ƙare a kan furanni busassu. Wannan ya shafi mai yabon shehinsa da ke ƙara karamar da ba a yi ba, yana zaton hidima yake yi. Duk wanda ya gano ƙarin, zai fara shakkar gaskiyar da ke tare da shi, kuma laifin yana wuyan mai ƙarin gishiri.

Sai dai wani zai ce: ai ƙudan zuma bai da zaɓi, bai iya ƙarya ba, to don me za a kira shi mai amana? Wannan magana tana da hujja. Ƙudan zuma ba mukallafi ba ne, ba lada gare shi ba, ba zunubi. Amma nan ne nauyin ɗan Adam yake fitowa fili. Abin da aka dasa wa ƙwaro a halittarsa, mutum sai ya zaɓe shi da kansa kowace rana, alhali yana da ikon ɓoyewa da ƙari da ragi. Saboda wannan zaɓin ne gaskiyarsa ta zama ibada, kuma saboda shi ne za a tambaye shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi: mai gaskiya ma yana iya ɓatar da mutane. Ƙudan zuma yana auna nisa ne da yadda abubuwa ke giftawa a idonsa yayin da yake tashi. A 2001, Harald Esch da Mandyam Srinivasan da abokan aikinsu sun wallafa gwajin da suka yi, inda suka sa ƙudaje suka bi ta wani siririn bututu mai zane a bangonsa, tsawonsa ƴan mitoci kaɗan. Saboda zanen na giftawa kusa da idonsu, sai suka ɗauka sun yi tafiya mai nisa, suka komo suka yi rawar nesa. Waɗanda suka bi rawar suka je can nesa suna nema, inda babu komai. Mai rawar ba ta yi ƙarya ba, ma'auninta ne ya ruɗe. Haka yake ga wanda ya samu saƙo a WhatsApp, na wani magani ko wata addu'a da aka jingina wa wani waliyyi, ya tura wa zawiyya guda da kyakkyawar niyya ba tare da bincike ba. Niyyarsa ba ta hana ƴan'uwa zuwa inda babu komai.

To, yaya ake gyara ma'auni? A 2023 mujallar Science ta buga binciken da Ken Tan da James Nieh da abokansu suka yi a ƙasar Sin. Sun haɗa gidajen zuma da ƙudaje sa'o'in juna kaɗai, babu manyan da za a bi rawarsu. Da waɗannan suka fara rawa, kurakuransu sun fi na waɗanda suka tashi cikin manya. Da suka daɗe suna yi, kuskuren nuna hanya ya ragu, amma na auna nisa ya zauna musu. Ilhamar tana nan a jikinsu, duk da haka sai da zama bayan wanda ya iya take daidaita. Ma'abota tarbiyya sun san wannan tun da daɗewa: ɗanɗanon da murid ya ji a zikiri yana buƙatar shehin da zai auna masa shi, kafin ya ɗauki taki goma a matsayin tafiyar wuni.

Darasi na ƙarshe yana wajen ƙaura. Idan taron ƙudaje zai canza gida, ƴan leƙe sukan fita neman wuri, kowace ta komo ta yi rawar wurin da ta gani. Thomas Seeley na jami'ar Kornel a Amurka ya nuna cewa kowace takan rage rawarta a duk komowa, har ta daina, ko da wurin nata mai kyau ne. Hakan ke ba wurin da ya fi kyau damar tara magoya baya, taron ya tashi gaba ɗaya. Ta faɗi abin da ta gani, ba ta mayar da shi abin kare girmanta ba. Yawancin saɓanin da ke raba ƴan'uwa a zawiyya yana farawa ne daga mutumin da ya ba da shawara mai kyau, sannan ya kasa sakin ta.

Saboda haka haƙƙin ƴan'uwa a kan wanda ya gano alheri huɗu ne: ya faɗa, ya faɗa gwargwado, ya tantance ma'auninsa a gaban waɗanda suka fi shi sani, kuma ya iya yin shiru idan abin da ya fi nasa ya bayyana.

Allah ya tsarkake harsunan ƴan'uwa daga ɓoyewa da ƙari, ya sanya su masu nuna hanyar alheri, albarkacin Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amin.