Hankalin Yaro Amana Ne: Nasiha Kan Zazzaɓin Cizon Sauro

Bayan godiya ga Allah (SWT) da salati ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa, ya ke 'yar'uwa a Musulunci, ki sani malamai sun ce shari'a ta zo ne don kare abubuwa 5: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Nasiharmu ta yau a kan hankali take, hankalin 'ya'yan da Allah Ya ba ki amanarsu.

Da yawanmu mun raina zazzaɓin cizon sauro. Yaro ya kwana da zafin jiki, sai mu ce ai haƙori ne, a aika kemis a sayo farasitamol, shi ke nan. Alhali ƙwayar cutar da macen sauro ke sakawa cikin dare tana shiga jini ta farfasa shi, yaro ya yi fari fat, ya rasa kuzari. In ta tsananta, tana toshe ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, sai taune-taune da doguwar suma su biyo baya.

Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne bayan warkewa. Wani bincike da aka yi a Kamfala ta ƙasar Yuganda, aka fitar a 2008, ya gano cewa kusan yaro 1 cikin 4 da zazzaɓin ya taɓa wa ƙwaƙwalwa yana nan da matsalar fahimta shekara 2 bayan an sallame shi. Wani ya kan kasa mai da hankali, wani ya riƙa mantuwa, wani ya koma mai ƙiriniya da saurin fushi, wani kuma farfaɗiya ta kama shi. Ko zazzaɓin da bai kai nan ba, in yana yawan dawowa, yana hana yaro zuwa makaranta, karatu ya wuce shi.

To 'yar'uwa, yaron da a da hadda ke zauna masa, yau an biya masa aya sau goma ta ƙi zama, kafin ki kira shi daƙiƙi ko ki ɗauko bulala, ki tuna jinyar da ya yi. Ki sanar da malaminsa na Islamiyya da na boko, a riƙa bin sa a hankali, ki kuma mai da shi asibiti a duba. Duka ba ya gyara abin da cuta ta ɓata.

Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani, don haka tawakkali ba zama ba ne. Ki sa yara cikin gidan sauro kowane dare, ke ma ki shiga, balle in kina da juna biyu, kuma kada ki yi wasa da zuwa awo. In zazzaɓi ya zo, a gwada jini tun kafin a kwana. In an ba da maganin kwana 3, a shanye shi ko da yaro ya tashi yana wasa. Masu rabon maganin rigakafi na damina ga yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ki karɓe su. Allurar rigakafin wannan zazzaɓi ma an fara ta a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, sai ki tambaya a asibitin unguwarku.

In yaro ya fara taune-taune, ki kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai. Kada a tsaya ana cewa iska ce. Ki yi addu'arki kuna kan hanyar asibiti. Ki tattauna da maigida tun yanzu, ya ba ki izinin fita a irin wannan hali ko ba ya gida. Ku kuma iyayen gida maza, ku ji tsoron Allah, wannan amana da ku za a tambaya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya bisa ilimi mai amfani, amin.